Hajiya ta ajiye maganin ƙashinta, shin kalsiyam da nono sun isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekararta 68. Wata huɗu da suka wuce santsi ya kwashe ta a bakin banɗaki, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Bayan ta warke aka tura mu gwajin ƙarfin ƙashi, sakamako ya nuna -2.9. Likita ya ce ƙashinta ya zaizaye, ya rubuta mata alendronate sau ɗaya a mako da kalsiyam. Ta sha na wata biyu ta ajiye. Ta ce bai rage mata ciwon gwiwa ba, yana tayar mata da olsa, kuma wata 'yar'uwarmu ta ce ta ji yana ruɓar da muƙamuƙi. Yanzu kalsiyam kawai take sha, sai nono. Hakan ya isa? An kuma ce mana akwai wata allura ta wata shida-shida, ko ita za mu nema?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

Kalsiyam da nono ba su isa ba ga macen da ta riga ta karye kuma gwajinta ya nuna -2.9. Kada a hana ta su, amma ba su ne maganin ba. Dalilan nan uku da suka sa ta ajiye ƙwayar kuwa ba shirme ba ne. Da wuya mako ya wuce ban ji ɗaya daga cikinsu ba a ɗakin duba marasa lafiya, kuma biyu daga ciki, in aka bi diddigi, laifinmu ne mu masu rubuta magani, domin mukan miƙa takarda mu ce a kira na gaba, ba mu zauna mun yi bayani ba.

Karayar ita ce babbar shaida, ta fi ma lambar. Lafiyayyen ƙashi ba ya karyewa don mutum ya zame daga tsaye ya dafa ƙasa, iyakaci targaɗe ko ƙujewa. In ya karye a irin wannan faɗuwa, to ya zama kamar azarar da gara ta cinye ta ciki: daga waje lafiya lau, sai ranar da aka jingina mata tsani. Lambar da aka ba ku ana kiranta makin T, tana gwada kaurin ƙashin Hajiya ne da na matashiyar mace mai lafiya. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa daga -2.5 zuwa ƙasa shi ne zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Hajiya ta ƙetare wannan layi, ga kuma karaya. Wanda ya taɓa irin wannan karaya, haɗarin ya sake ya kusan ninka na wanda bai taɓa ba, kuma shekara biyun farko su ne mafi muni. Cikinsu take yanzu.

Ba wuyan hannu muke gudu ba, kwatangwalo muke gudu. Tsohuwar da ta karye a kwatangwalo sai tiyata, in ba a samu ba sai doguwar kwanciya, ita kuma kwanciyar ke jawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Ko a ƙasashen da ake yin tiyatar cikin kwana biyu, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara bayan karayar, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiyarsu ta da. Sai ƙashin baya, wanda yake lotsawa gaɓa-gaɓa, sau da yawa ba tare da an faɗi ba. Mu a gida sai mu ce tsufa ne ya ranƙwafar da ita.

Batun gwiwa ba shi da tsawo. Ciwon gwiwar tsofaffi yawanci amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya cinye. Mu kuma mun zuba su a buhu ɗaya, komai "sanyin ƙashi" ne. Zaizayewar ƙashi ba ta ciwo ko kaɗan sai ranar da aka karye, don haka maganinta ma ba a jin aikinsa a jiki. Ki kwatanta mata da maganin hawan jini, wanda ba don an ji daɗi ake sha ba, don shanyewar ɓarin jikin da ake gudu ne. Gwiwarta tana buƙatar nata duban daban, kuma zan dawo kanta, domin ina zargin tana da hannu a maganar olsar.

Ga dalilin da ya sa kalsiyam kaɗai ba ya yi. Ƙashi ba dutse ba ne, ya fi kama da katangar ƙasa da ake kankarewa ana sake yaɓe. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu, masu kankare tsohon ƙashi da masu yaɓa sabo, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasusuwan babban mutum ake sabuntawa haka duk shekara. Har zuwa wajen shekara 30 masu yaɓe ne a gaba. A jikin mace, sinadarin istirojin ne ke riƙe da linzamin masu kankara. Da al'ada ta ɗauke sai istirojin ya faɗi, linzami ya tsinke, kankara ta fi yaɓe sauri. Kalsiyam ƙasar gini ce. Ko tifa goma kika juye a ƙofar gida, muddin masu kankara na ta aiki ba mai tsawata musu, katanga za ta ci gaba da sirancewa. Alendronate shi ne mai tsawatarwar. Yana manne wa ƙashi, masu kankara su haɗiye shi tare da abin da suke ci, sai ƙarfinsu ya karye.

Dangin wannan magani, da ake kira bisfosfonet, asalinsu a masana'antu aka san su, ana zuba su don hana gishirin ruwa daskarewa a cikin bututu. A shekarun 1960 ne wani likita a Suwizalan, Herbert Fleisch, ya nuna suna hana ƙashi narkewa. Alendronate kansa an amince da shi a Amurka a 1995 da sunan Fosamax. A 1996 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji kan mata sama da 2,000 waɗanda ƙashin bayansu ya riga ya lotsa: cikin shekara uku, masu shan maganin sun samu raguwar sabuwar karayar baya da ta kwatangwalo da ta wuyan hannu da kusan rabi. Tun 1995 ake amfani da shi, mun san alherinsa mun san sharrinsa, kuma shi ne mafi arha a cikinsu duka.

To, sai olsa. Kafin mu ɗora wa ƙwayar laifi, ki tambayi Hajiya yadda take shan ta. Na kusa rantsewa abin da za ta faɗa: ta haɗiye da kurɓin ruwa ɗaya ko da shayi, ta koma ta kishingiɗa. Wannan ƙwaya tana da ƙa'idodin da babu wata ƙwaya a jakarta da ke da irinsu, kuma dalilai biyu ne suka kawo su. Na farko, hanji ba ya tsotsar ta sosai. Ko da ciki fayau yake, abin da ke shiga jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. In ta haɗu da koko, madara, shayi ko lemo, ɗan abin nan ma sai ya salwanta, a yi asarar kuɗi a banza. Na biyu, in ta maƙale a hanyar abinci kafin ta isa ciki, tana ƙona wurin, daga nan ƙwannafi da zafin ƙirji suke tasowa.

Don haka da safe ake sha, kafin komai ya shiga baki, ko goro. A haɗiye ta ɗungurungum, ba a tauna, ba a tsotsa, ba a daka ta a cokali, da cikakken kofin ruwa zalla, kamar rabin ledar ruwa. Sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na aƙalla rabin awa, ba ci, ba shan komai sai ruwa, ba wani magani, kuma ba a kwanta sai an karya kumallo. Akwai abin da takardar cikin kwali ba ta faɗa ba amma ya shafi iyayenmu: sallah. Ruku'u da sujada ba kwanciya ba ne, amma kai yana yin ƙasa da ciki, abin da aka haɗiye yana iya dawowa sama. Abin da nake gaya wa marasa lafiyata shi ne su idar da asuba tukuna, sannan su sha ƙwayar, su zauna a kujera su yi laziminsu. Kafin a gama azkar ɗin safe rabin awa ta cika, koko ma ya iso. Shara da wanke-wanke a sunkuye su jira. Idan Hajiya mai azumin Litinin da Alhamis ce, a zaɓar wa ƙwayar wata rana, kamar Asabar, a tsaya a kanta. Da azumin Ramadan kuma ta tashi da wuri ranar, bayan ta daɗe rabonta da abinci, ta sha, ta zauna da Alƙur'aninta rabin awa, sannan ta yi sahur. In ta manta ranarta, ta sha washegari da safe ta koma ranarta ta da a mako mai zuwa. Ba a shan biyu rana ɗaya.

Ƙwayar kalsiyam, maganin ƙarin jini da farin ruwan nan na olsa duk suna kama alendronate a hanji su hana shi shiga. A mayar da su rana ko dare. Na sha ganin wadda take haɗa alendronate da kalsiyam a tafin hannu ta watsa baki lokaci guda, tana ganin ai duk na ƙashi ne.

Yanzu ki ɗauko jakar magungunanta ki zazzage a faranti. Me take sha don gwiwar? Tsofaffinmu da yawa suna aiken yaro kemis a ƙullo musu haɗin ciwon jiki a leda, ƙwaya huɗu ko biyar marasa suna. A irin wannan haɗi galibi akwai diclofenac ko piroxicam, waɗanda su ne sarakan ƙona ciki, musamman in sun haɗu da alendronate. Sau da yawa kuma akwai 'yar ƙaramar ƙwaya, prednisolone ko dexamethasone, wadda ke sa tsohuwa ta ji garau ta miƙe, kumatu su ciko, a ce magani ya karɓe ta. Waɗannan su ne sitiroyid, kuma a cikin magunguna babu mai cin ƙashi kamarsu. Shan su kullum na wata uku, ko da kaɗan ne, ya isa ya raunana ƙashin baya. Su ne kuma 'yan mata ke sha don ƙiba, abin da ke tayar mini da hankali in na tuna yadda bayansu zai kasance nan da shekara ashirin. In kika samu irin wannan a jakar Hajiya, mai yiwuwa kin gano tushen olsar da wani ɓangare na zaizayewar a lokaci ɗaya. Amma in ta daɗe tana sha kada ki ƙwace rana ɗaya, domin yanke sitiroyid kwatsam yana iya kayar da mutum. Ki kai wa likita ledar yadda take, shi zai rage a hankali.

Akwai waɗanda ƙwayar ba ta dace da su ba ko ta yaya aka sha: wanda abinci ke maƙale masa a ƙirji saboda ƙuncin hanyar abinci, wanda ba ya iya zama a miƙe na rabin awa, wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, da wanda kalsiyam ɗin jininsa ya yi ƙasa. Mai gyambon ciki na gaske da yake kan ganiyarsa shi ma a jira ya warke. Sai dai mu komai ya taso a ƙirji olsa muke ce masa, don haka likita ne zai tantance wanne ne nata. In ta koma sha bisa ƙa'ida sai ta ji haɗiya tana mata zafi ko wuya, ko bayan gidanta ya yi baƙi, ta tsaya ta je asibiti.

Maganar muƙamuƙi gaskiya ce, amma 'yar'uwarku ta ɗauko rabinta ne. A 2003 wani likitan tiyatar baki a Miyami, Robert Marx, ya ba da rahoton marasa lafiya da ƙashin muƙamuƙinsu ya mutu, dasashi ya buɗe ya ƙi warkewa. Kusan dukkansu masu ciwon daji ne da ake ɗura wa dangin wannan magani ta jijiya duk mako uku ko huɗu, wato ninkin ba ninkin abin da ake ba mai zaizayewar ƙashi. A irin adadin da Hajiya ke sha, ƙiyasin da ake da shi bai wuce mutum ɗaya cikin 10,000 zuwa ɗaya cikin 100,000 a shekara ba. Ki ajiye wannan gefe guda, ki ajiye haɗarin karayar kwatangwalo a ɗaya gefen, ki ga wanne ya rinjaya. Yawanci abin yana biyo bayan cire haƙori ne a bakin da dama ba shi da lafiya. Saboda haka a kai ta likitan haƙori ya duba, in akwai ruɓaɓɓe a cire tun yanzu, ta riƙe asuwakinta da buroshi, kuma duk ranar da za a taɓa mata haƙori ta faɗi maganin da take sha. Ban yarda a jinkirta magani wata shida ana jiran layin likitan haƙori ba.

Akwai wata illar da ba a faɗa muku ba, gara ki ji daga bakina. Wanda ya daɗe yana sha, musamman bayan shekara biyar, ƙashin cinyarsa yana iya tsagewa a hankali har ya karye ba tare da faɗuwa ba. Ba kasafai ba ne, kuma karayar da maganin ke hanawa ta ninka wadda yake jawowa sau da yawa. Alamarta ciwo ne mai nauyi a cinya ko matsematsi da ya ƙi tafiya makonni. In an ji shi a ɗauki hoton cinyoyin biyu. Wannan ne ya sa ba a cewa a sha har abada. Bayan shekara biyar ana sake zama a duba. In lamba ta gyaru kuma ba a sake karyewa ba, ana iya ba da hutu na shekara biyu ko uku, domin maganin yana zaune a ƙashi yana ci gaba da aiki bayan an daina. In haɗarin na nan da ƙarfi a ci gaba har zuwa goma. Wata biyun da Hajiya ta sha kuwa bai tara mata komai ba. Sai an kai wata shida zuwa shekara kafin kariyar ta fara bayyana.

In an gwada bisa ƙa'ida cikin bai karɓa ba, abin da zan fi so mata shi ne zoledronic acid, ɗan'uwan alendronate da ake sawa a ƙarin ruwa, miligiram 5, sau ɗaya a shekara, cikin abin da bai gaza minti 15 ba. Ba ya bi ta ciki, ba ruwansa da olsa, ba kuma a manta shi ranar Asabar. Gwajin da aka fitar a 2007 kan mata sama da 7,000 ya nuna ya rage karayar baya da kashi 70 cikin ɗari, ta kwatangwalo da kashi 41. Wani gwajin na shekarar, kan waɗanda suka riga suka karye a kwatangwalo, ya nuna har mace-mace sun ragu da kashi 28. Shekara uku ake yi a sake dubawa. Sharaɗinsa a auna ƙoda da kalsiyam kafin kowane ɗuri, a gyara ƙarancin bitamin D, ta kuma sha ruwa sosai ranar. Ki riƙe wannan: kusan mutum ɗaya cikin uku yana yin zazzaɓi da ciwon gaɓɓai kwana ɗaya zuwa uku bayan ɗurin farko. A wurinmu nan take za a ce maleriya ce ko taifod, a hau allurai. Farasitamol da ruwa sun isa, kuma a shekara ta biyu da wuya ya dawo da wannan ƙarfin. In zazzaɓin ya wuce kwana uku, sannan a yi gwaji.

Allurar wata shida da aka gaya muku ita ce denosumab, a kwali za ki ga Prolia, miligiram 60 a ƙarƙashin fata. Magani ne mai ƙarfi, an amince da shi a 2010, ya rage karayar baya da kashi 68, ta kwatangwalo da kashi 40, kuma ana iya ba wanda ƙodarsa ta fara rauni, ko da yake mai ciwon ƙoda mai tsanani kalsiyam ɗinsa na iya faɗuwa warwas, sai da sa ido. Amma ina jin tsoronsa a ƙasar nan, kuma ga dalili. Shi ba ya zama a ƙashi kamar alendronate. Da wata shida ta cika ya fice daga jiki, masu kankarar da ya ɗaure sai su taso gaba ɗaya da yunwa, su cinye abin da aka tara cikin shekara guda ko biyu.

Na taɓa duba wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, wadda ɗanta ke kawo mata allurar daga waje. An yi mata huɗu a kan lokaci, lambarta ta yi kyau, kowa na murna. Sai kuɗin waje ya yi tashin gwauron zabi, tafiyar ɗan ta tsaya, aka ce ai ta samu sauƙi, a jira. Wata goma sha ɗaya bayan allurar ƙarshe ta sunkuya ɗaukar bokitin alwala ta ji bayanta ya amsa. Da aka shigo da ita tana dafe da gwiwoyinta, ba ta iya miƙewa. Hoto ya nuna gaɓoɓin baya uku sun lotsa lokaci guda. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wannan allura ba a tsayar da ita haka kawai. Ƙa'idarta kada a makara fiye da wata ɗaya, in kuma za a daina dole a maye gurbinta da alendronate ko zoledronic acid don su riƙe abin da aka samu. Ga shi kuma sai a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son zafi ba ta son daskarewa, ke kin san halin wutarmu. In ba ku da tabbacin kuɗinta da samunta na shekaru, kada ku fara.

Akwai wasu da ke gina sabon ƙashi maimakon tsare tsoho, kamar teriparatide, allurar kullum ta shekara biyu, da romosozumab, allurar wata-wata ta shekara ɗaya, wadda ba a ba wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a shekarar da ta wuce. Na masu tsananin zaizayewa ne da suka karye sau da yawa, tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma su ma sai an biyo su da alendronate ko ɗan'uwansa. Raloxifene yana kare baya amma ba a nuna yana kare kwatangwalo ba, yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini. Maye gurbin istirojin yana da kyau ga wadda al'adarta ta ɗauke da wuri ko ba ta kai 60 ba, musamman mai fama da zafin jiki da gumin dare. Ga mai 68 ba a fara shi don ƙashi.

Kafin ta koma kan kowanne, a tabbatar an auna mata ƙoda, kalsiyam da yawan jini, da bitamin D in ana yi a kusa da ku. Akwai wata cuta da ke kama da wannan a na'urar gwajin ƙarfin ƙashi, wato laushin ƙashi saboda ƙarancin bitamin D, wadda ake samu a matan da ba sa shiga rana sosai. Ita tana sa ciwon jiki da wahalar tashi daga tabarma, kuma maganinta bitamin D ne da kalsiyam, alendronate ma ƙara dagula ta yake yi. In kuma Hajiya na da ciwon baya mai hana barci, ko rama, ko zazzaɓin dare, a faɗa wa likita, domin tarin fuka na ƙashin baya da dajin ɓargo su ma suna lotsa gaɓa. Na'urorin nan da masu tallan ƙwayoyin ƙarin lafiya ke yawo da su, a ɗora hannu minti ɗaya su fito da sakamakon ƙashi da hanta da ƙoda, ba gwaji ba ne, hanyar sayar da kwalba ce.

Kalsiyam ɗin kuwa tana buƙatarsa, kuma maganin ba ya aiki yadda ya kamata sai da shi. Mace irinta tana son miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, a haɗa na abinci da na ƙwaya, da bitamin D kamar awo 800 (a kwalinsa ana rubuta IU). Abincinmu na hatsi ba shi da kalsiyam sosai. Binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wanda aka buga a 1999, ya samu yara masu gwame da lanƙwasar ƙafa suna samun kamar miligiram 200 kacal a rana, kuma kalsiyam ne ya warkar da su fiye da bitamin D shi kaɗai. Kofin nono ko kindirmo yana ba da wajen miligiram 300, muddin mai tallan ba ta cika shi da ruwa ba. Miyar kuka, zogale, riɗi, cuku da ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya duk suna taimakawa. In tana samun kofi biyu na nono a rana da irin wannan miya, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 tare da abincin dare ta isa. Yawan ƙwayar ba ya ƙara wa ƙashi komai, sai taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda. Ta riƙa fitowa tsakar gida tana shan hantsi, tana taka ƙafa, domin ƙashin da ba a ɗora wa nauyi zubewa yake.

Ku koma wurin likitan da ya rubuta mata tun farko, da ledar magungunanta duka, ki gaya masa ta ajiye da dalilinta. Kada kunya ta sa ta ce tana sha. In za ku sayi ƙwayar ku saya a kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku tabbatar an rubuta miligiram 70, wato ta mako-mako, domin akwai ta miligiram 10 wadda ta kullum ce, na kuma ga an rikita su.

Sai bakin banɗakin nan. Magani yana rage karaya da rabi ne, sauran rabin yana ga tayil mai santsi, silifas ɗin da ya suɗe, dokin ƙofa da duhun asuba. A kafa mata ƙarfen dafawa a bango, a shimfiɗa tabarmar roba, a ajiye fitila mai caji kusa da gadonta, a kai ta a duba idonta ko akwai yana. In tana jin jiri in ta miƙe, a sake duba maganin hawan jininta. Yau kuma ki tsayar da ita jikin bango ba takalmi ba ɗankwali mai tudu, ki ja layi daidai kanta ki rubuta kwanan wata. Ki sake aunawa duk shekara a wuri ɗaya. In kika ga ta ragu da santimita biyu, ko da ba ta ce bayanta na ciwo ba, a ɗauki hoton ƙashin bayanta.